Yadda funfunar dankali ta ba ni laktik asid, bayan ta gama gasa min aya a hannu

Ranar da aka raba mana tofik ɗin furojet a aji huɗu ni dai addu'ata ɗaya ce, Allah ya haɗa ni da abin da ya shafi nono ko kamu, don duk wanda ya karanta maikurobayoloji a nan arewa ya san nan sauƙi yake, ki sayo kindirmo a wajen 'yar Fulani ki shuka a filet, ɗan farantin nan mai murfi da ake rainon ƙwayoyin halitta a ciki, ki ƙirga ki rubuta ki wuce wajen. Sai ga takarda ta fito wai in samar da laktik asid daga sitacin rogo da fangas. Fangas fa, funfuna, irin wadda take fitowa a kan tuwon da ya kwana uku. Na ɗauki takardar na nufi ofishin sufabaizana nace Malam anya ba kuskure aka yi ba, ai bakteriya ce take yin laktik asid. Ko ɗago kai bai yi ba yace "Ita kaɗai kika sani dai. Je ki karanta Rhizopus oryzae ki dawo ranar Litinin."

Da na zauna na karanta sai na gane abin da yake nufi. Laktik asid ɗin nan shi ne tsamin da kike ji a nono da koko da garin kwaki, tun 1780 wani masanin sinadarai ɗan Suwidin mai suna Scheele ya fitar da shi daga madarar da ta yi tsami, a 1857 kuma Pasteur a Faransa ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne suke yin aikin. Kuma gaskiya ne bakteriya irin su Lactobacillus sun fi kowa shahara a harkar. Matsalarsu tsirfa, 'yan gayu ne, ba sa aiki sai an haɗa musu abinci mai tsada da su bitamin da sinadarin yis, da yawansu ma ba sa iya narka sitaci sai an fara mayar musu da shi suga, sannan wasunsu suna haɗo asid ɗin siffa biyu, da wadda ake ce wa L da wadda ake ce wa D, a cakuɗe. Ita kuwa wannan funfunar talaka ce, ba ta da zaɓe, ki ba ta sitaci da ɗan gishirin sinadari kaɗan ita za ta narka sitacin da kanta ta mayar da shi suga ta kuma mayar da sugan asid, kuma mai L zalla take bayarwa, irin wanda jikin mutum da kansa yake yi. Sharaɗinta ɗaya, iska. A lokacin na karanta wannan layin na wuce abina kamar ba komai, ban san shi ne zai ci min wata biyu ba.

Farko dai sai an samo funfunar. Kuɗin sayo tatacciya daga waje babu, don haka Malam yace in kamo ta da kaina. Na dafa dankalin Hausa na yanka, na samo guntun biredi da ragowar tuwon shinkafa, na ɗan yayyafa musu ruwa na saka kowanne a ledarsa na tura ƙarƙashin gado. Kwana uku ɗakin ya ɗauki wari, Umma ta shigo tana toshe hanci tace "Ke wai ɓera ne ya mutu a ɗakin nan?" Nace Umma aikin makaranta ne. Ta janyo ledar ta duba, dankalin ya yi gashi fari buzu-buzu kamar auduga da ɗigo-ɗigon baƙi a sama, tace "Yanzu kuɗin makarantar da ake biya na ruɓar da abinci ne?" Dariya na yi a lokacin. Amma da na ba Malam labari ransa ne ya ɓaci, ya tambaye ni ko akwai mai ciwon suga a gidanmu nace Abbanmu, yace to daga yau kada in ƙara kai wannan abin gida. Ashe dangin funfunar nan su ne suke kawo cutar nan da ta addabi Indiya a 2021 lokacin korona, wadda aka riƙa ce wa baƙar funfuna, tana shiga ta hanci ta ci fuska har ido, kuma masu ciwon suga da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni ta fi kamawa. Mai lafiya yana shaƙar ƙurarta kullum ba abin da take masa, amma tara ta a ɗaki da yawa wani abu ne daban. Ranar da na koma gida har ƙarƙashin gadon sai da na wanke da bilic, daga nan kuma takunkumi ban ƙara cire shi a lab ba.

Abincin shukar da kaina na haɗa don na gwangwani ya ƙare a sito. Dankalin Turawa giram 200 ki yanka ki tafasa a ruwa ki tace, ki zuba gulukos giram 20 da aga, garin da ke daskarar da haɗin, kamar giram 15, ki cika ruwan ya kai lita ɗaya, sai a dafa a otokilef, tukunyar tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta, a zafi digiri 121 na minti 15. Ana ɗan saka kuloramfenikol don kada bakteriya su riga funfunar cin abincin. Na ɗebo ɗan gashin nan da bakin allura na ɗora a tsakiyar filet. Wallahi ban taɓa ganin abu mai saurin girma irin wannan ba, yau kin ɗora, gobe ta kai rabin filet, jibi ta cika har tana ɗaga murfi. Mai kula da lab ɗinmu, wani dattijo da duk muke ce wa Baba, yace ai haka take, in kika bar ta kusa da filet ɗin wani sai ta tsallaka ta cinye masa aiki, kuma haka aka yi, wata ƙawata da take aikin ruwan rijiya sai da ta yi kwana biyu ba ta min magana.

A maikuroskof kuwa abin sha'awa ce. Ki ɗiga shuɗin ruwan nan na laktofenol ki ɗora zaren ki rufe da gilas, sai ki ga zaruruwa masu faɗi ba su da gaɓa-gaɓa a ciki, daga wani wuri sanda ta miƙe sama da ƙulli a kanta sak kan ashana, a ƙasan sandar kuma wasu 'yan saiwoyi sun baje. Saiwoyin nan su ne shaidar, don Mucor ma kamarsu ɗaya amma ita ba ta da su. Saura kuma a bambance ta da 'yar uwarta ta kan biredi, Rhizopus stolonifer, nan Baba ya koya min dabara mai sauƙi, yace saka su a inkubeta, akwatin nan mai riƙe ɗumi, a zafi 40, ta biredin ba ta jure wannan zafin, wadda kike nema kuwa ko a jikinta. Cikin guda biyar da na ware uku suka tsira, biyu daga dankali ɗaya daga tuwo. Na shuka su a kwalaben gwaji a karkace na jera a firij, sai da na ji kamar na gama furojet ɗin.

Sitacin ma da hannuna na fitar. Na sayo rogo ɗanye na fere na goge a abin goga kuɓewa, na cuɗa da ruwa na tace da yadin tatar kamu, na bar shi ya kwanta na tsiyaye ruwan saman, sau uku ina canja ruwa don rogo yana da gubar sayanaid kuma wanki da shanya su suke rage ta, sannan na shanya a faranti ya bushe ƙarau. Dalilin zaɓar rogo kuwa ba ɓoyayye ba ne, Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noma shi, Malam kullum maganarsa kenan, wai muna da rogo muna da funfuna amma asid ɗin da ake sakawa a lemo da alewa da man shafawa sai an shigo da shi.

Kuskurena na farko haɗama. Na ga a takardu ana zuba gulukos giram 100 ko fiye a lita, nace to ni ma sitaci giram 100. Da na buɗe otokilef abin da na tarar a cikin konikal ɗin, kwalbar lab mai faɗin gindi, ba ruwa ba ne, talge ne, ya kafe ko motsi ba ya yi, in kin kife kwalbar ma ba zai zubo ba. Ina ba Umma labari da daddare tace "To ai kunu ne ya yi kauri, ki zuba masa garin ɗanyen dankali ki gani in bai tsinke ba, haka ake wa kunun zaƙi." Kuma gaskiyarta ne fa, dankalin Hausa yana da sinadarin da yake yanka sitaci ya mayar da shi suga, shi ya sa kunun yake tsinkewa ya yi zaƙi ba a saka suga ba, abin da muke haddacewa da sunan amailes ita a madafa ta san shi. Na kai wa Malam shawarar yace dabara ce mai kyau amma in na yi haka me zan ce funfunar ta yi, ai abin da ake son nunawa ita kaɗai ta isa. Sai na rage sitacin zuwa giram 50 a lita, ya zama kamar koko mai ruwa-ruwa.

Sauran kayan haɗin ba su da yawa. Amoniyam salfet ɗan giram 2 a lita, shi ne takin, sai fotasiyam fosfet da magniziyam salfet ɗan mitsitsi kowanne bai kai rabin giram ba, sai zinc salfet wanda ƙanƙantarsa ma sikelinmu da kyar yake karantawa. Takin nan ba a cika shi, in ya yi yawa funfunar sai ta yi ta ƙiba tana tara jiki ta manta da aikin da aka ɗauke ta, kamar masarar da ta sha taki ta yi ta ganye. Mililita 50 ake zubawa a konikal mai cin 250, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran filin duk na iska ne, a toshe baki da auduga. Irin shukar kuma ƙurar baƙar nan ce, a zuba dafaffen ruwa a kan tsohon filet a kankare a tace, a ƙirga a maikuroskof har a samu wajen miliyan ɗaya a kowace mililita. Ƙirgar nan ta kusa makantar da ni. Daga nan sai a jera kwalaben a injin jijjiga da muke ce wa sheka, yana juyi 150 a minti, a zafi tsakanin 30 da 35, wanda a watan Maris a garinmu ba sai an kunna komai ba ɗakin da kansa ya kai.

Zagaye na farko na jera guda tara da yamma na tafi gida ina murna. Da safe na tarar an ɗauke wuta tun dare, janareto kuma ba a kunnawa sai ƙarfe tara, ƙarfe huɗu a kashe. Haka aka yi ta yi kwana uku, a jijjiga awa bakwai a kwanta awa goma sha bakwai. Abin da ya fito wani curi ne fari guda ɗaya a kowace kwalba, kamar an jiƙa auduga an dunƙule, wani ma ya manne a jikin gilas ya hau sama. Da na cire audugar bakin wani wari ya bugi hancina, Baba daga can inda yake zaune yace "'Yar nan burkutu kika dafa mana?" Kowa ya kwashe da dariya. Kuma ba ƙarya ya yi ba, giya ce. Funfunar nan hanya biyu ce a gabanta in ta fasa suga, in da iska ta yi laktik asid, in iska ta yanke ta juya ta yi barasa. Curin nan kuma ko da ana jijjigawa bayansa kawai yake samun iska, cikinsa a shaƙe yake, don haka duk abin da ke tsakiya giya yake yi. A nan na fahimci cewa duk aikin nan a kan siffar da funfunar ta ɗauka yake, in ta tashi 'yan ƙananan ƙwallaye kamar tsakin gero kowanne yana yawo shi kaɗai iska na ratsa shi kin ci riba, in ta dunƙule kin yi asara, kuma abin haushin tun a awa ashirin da huɗun farko take yanke wannan shawarar, bayan nan ba gyara.

Zagaye na biyu na roƙi alfarma aka bar ni na kai shekar wani ɗaki da ke da sola. Ƙwallaye suka fito gwanin kyau, na ɗauki hoto na tura wa Malam. Amma sitacin ya ƙi ƙarewa, kwana huɗu ina ɗiga aidin yana ba ni shuɗi, alamar sitaci yana nan. Na auna tsamin ruwan da ma'aunin pH na ga lambar ta faɗo wajen 3, wato ya yi tsami sosai. Na manta ban zuba kalsiyam kabonet ba, yana nan a naɗe a takarda cikin oba inda na gasa shi. Shi wannan farin gari ne kamar alli, aikinsa duk asid ɗin da funfunar ta fitar ya kama shi ya kashe kaifinsa, in ba haka ba tsamin da ta yi da kanta shi zai dakatar da ita. Lissafinsa ma a fili yake, giram 100 nasa yana ɗaure giram 180 na asid, wato ɗan sama da rabin nauyin abin da kike sa ran samu. Kuma ba a zuba shi tun farko, sai bayan kwana ɗaya in ƙwallayen sun kafu, don in yana ciki tun farko zaren yana naɗe garin su dunƙule tare. Wannan karon ba wanda zan ɗora wa laifi, a bayan lab na zauna na yi kukana na share hawaye na koma wanke kwalabe.

Alfarmar sola ba ta ɗore ba, masu ɗakin suna da nasu aikin. Ina cikin neman mafita na ci karo da bayanin cewa ana iya ba funfunar abin da za ta kama ta zauna a kai maimakon a bar ta tana yawo, kuma cikin abubuwan da ake amfani da su har da soso. Soson wanka dai namu na gargajiya, wanda yake yaɗo a jikin danga. Na sayo guda biyu a kasuwa na cire 'ya'yan na yanka ɗaya ƙanana kamar kwalin ashana an raba biyu, na tafasa su sau biyu na shanya. Iskar kuma wani ɗan ajinmu da yake kiwon kifin ado ya ara min ɗan famfon da ke hura iska a tankin kifi, abu kamar sabulu ba ya cin wuta, ƙaramin inbata da batir ɗaya sun riƙe shi har safe. Muka samu kwalba mai lita biyu, muka yi wa murfin roba huda biyu, tiyo ɗaya na shigar iska ɗaya na fita, a hanyar shigar muka cusa auduga dafaffiya a cikin sirinji don ta tace ƙura. Baba ya daɗe yana kallon abin yace shekararsa ashirin da wani abu a lab bai taɓa ganin famenta, wato tukunyar rainon funfuna, ta soson wanka ba, amma shi ya taya ni ɗaure tiyon da zaren roba.

Bayan kwana ɗaya sai ga soson ya fara yin fari, zaren ya bi ramukan ya lulluɓe su amma bai toshe ba, ruwan da yake kamar koko ya fara tsinkewa yana washewa. Na zuba farin garin, wannan karon a bayan hannuna na rubuta da biro don kada in manta. Kumfa ta ɗan taso, wani ɓangarenta iskar famfo wani kuma iskar da ke fita in asid ya haɗu da kabonet, irin tashin da kanwa take yi in ta haɗu da tsamiya. Kullum safe da yamma ina zuƙo kaɗan da sirinji in ɗiga aidin, ranar farko shuɗi sosai, ta biyu ya koma ja-ja, ta uku ruwan ɗorawa, sitaci ya ƙare. Warin ma daban, ba na giya ba, wani ɗan tsami-tsami mai sanyi. Garin da ya kwanta a ƙasa kuma kullum raguwa yake, alamar ana cinye shi.

Ranar ta huɗu na tace na ɗauko burat, dogon bututun gilas mai famfo da ake sakin ruwa ɗigo-ɗigo da shi, zan auna. Ƙa'idar da muka sani ita ce a ɗiga fenoftalin, sinadarin da ke canja kala in tsami ya ƙare, a riƙa sakin sodiyam haidurokzaid mai ƙarfin 0.1 har ruwan ya yi ruwan hoda, kowace mililita ɗaya daidai take da miligiram 9 na laktik asid. Na buɗe famfon burat, ɗigo uku huɗu kawai sai ga ruwan hoda. Wato babu asid. Na sake, haka. Jikina ya yi sanyi, wata biyu, ga kuɗin da Abba ya ba ni sun ƙare har na fara taɓa na ankon bikin ƙawata. Baba ya zo wucewa ya ga fuskata ya tambaya na nuna masa, sai ya yi murmushi yace "Ke da kika ɗaure akuya da hannunki kuma kike cigiyarta a jeji? Allin da kika zuba ina kika ce ya tafi?" Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Asid ɗin yana nan, amma ya riga ya auri kalsiyam ya zama kalsiyam laktet, gishiri ne yanzu ba shi da tsami, burat ba zai gan shi ba. Sai muka koma auna kalsiyam ɗin da ya narke a ruwan da wani sinadari mai kama kalsiyam da ake kira EDTA, daga nan a lissafo asid ɗin, muka kuma gwada da ferik kulorayid wanda yake ba da kalar ɗorawa mai ɗan kore in ya haɗu da laktet, aka karanta a na'urar auna kala.

A nan wani abin ya sake fitowa. Cikin funfuna ukun nan, guda biyun dankali awon kalsiyam da awon kala sun yi kusa da juna, amma ta tuwon shinkafa kalsiyam ya narke sosai kalar kuwa da kyar ta nuna. Wato tana yin asid, amma ba wanda nake nema ba. Malam yace ai dama su Rhizopus oryzae ɗin gida biyu ne, a ido da maikuroskof ba ki isa ki raba su ba, gida ɗaya laktik suke yi ɗayan kuma fumarik da malik, har masana sun ware na biyun sun ba shi suna Rhizopus delemar. Ban da hanyar tabbatarwa don sai an duba ƙwayar halitta, amma a rubutuna na kawo shi a matsayin abin da ya fi kama da dalili. Ita ta tuwon na daina wahala da ita.

Fitar da asid ɗin daga ruwan shi ne ya fi kama da girki. Na ɗora ruwan a wuta ya kai wajen 80 don funfunar ta mutu kuma duk gishirin ya narke, don kalsiyam laktet in ruwa ya huce yana son daskarewa. Tacewa ba wuya, nan ne funfuna ta fi bakteriya daɗin sha'ani, sosan kawai za ki tsamo da abinsa a jiki, saura ki bi da takardar tata. Na zuba garin gawayin lab ya shanye kalar na sake tacewa, na ƙafar da ruwan a hankali har ya ragu sosai na saka a firij. Da safe na tarar da farin abu ya fito curi-curi kamar farin kabeji, na daɗe ina kallonsa. Daga nan sai raba auren, a narkar da shi a riƙa ɗiga salfurik asid, wanda shi ne dai ruwan batir amma mai ƙarfi, a hankali ana juyawa, Baba yana tsaye a kaina da tabarau da safar hannu yana maimaita min asid ake zubawa cikin ruwa ba a zuba ruwa cikin asid. Kalsiyam ya saki laktik ya kama salfet, wani farin laka ya kwanta, jifsum kenan, abin da ake yin fi'ofi na silin da shi. Yawansa ya ba ni mamaki, kusan daidai da asid ɗin, ashe manyan masana'antu ma wannan ce damuwarsu, duk tan ɗaya na asid ta wannan hanyar sai ya bar musu kusan tan ɗaya na jifsum.

A lissafin takarda giram 180 na gulukos yana iya ba da giram 180 na laktik asid, ɗaya bisa ɗaya, amma funfuna ba ta kai nan don sai ta ci wani ta gina jikinta, wani ya tafi a iska wani a giya. Ni dai tawa mafi ƙoƙari ta ɗan haura rabin sitacin da na zuba a awon cikin ruwa, wajen tacewa da ƙafewa kuma na yi asarar wani. Sosan nan da funfunar a jiki, a wani zagayen ban dafa shi ba na tsamo shi na saka a sabon ruwan sitaci, ya kama aiki nan take ba jiran tsiro, kwana biyu da rabi ya gama, a karo na uku ne ya fara toshewa warin giya ya dawo.

Ranar difens wani malami daga waje ya tambaye ni da me na tabbatar mai L ne na samu. Nace ban tabbatar ba, abin da aka sani ne game da wannan funfunar amma awon da na yi ba ya bambance L da D. Dama Malam ya gargaɗe ni yace abin da kika auna shi za ki faɗa. Mutumin ya gyaɗa kai ya koma kan sosan, tambaya ta fi biyar duk a kansa, har yana cewa a ina na sayo. Wani kuma ya tambayi amfanin abin nace ana saka shi a abinci da lambar E270, gishirinsa na sodiyam yana cikin ruwan dirif ɗin da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti, sannan da shi ake yin robar PLA da ake iya mayarwa taki, a Nebraska ta Amurka daga masara, a Tailan daga rake, kuma ita robar sai da asid mai tsabtar siffa ɗaya take yin ƙwari.

Abin da ya rage a hannuna wani ruwa ne mai ɗan yauƙi kalar man gyaɗa, bai cika kwalbar turare ba. Malam ya yarda na tafi da shi gida na kwana ɗaya tunda ba funfuna a ciki. Umma ta ɗaga kwalbar a hasken taga ta juya ta, tace "Wannan ne duka?" nace shi ne. Ta buɗe ta shinshina tace ita dai tsamin nono take ji, kuma da kuɗin da aka kashe aka ba ta da ƙwarya nawa za ta saya. Sai ta miƙo min tace in mayar musu da abinsu, kuma ragowar soso ɗayan da ban yanka ba in ajiye mata a banɗaki.